Ruwa Ba Ya Tsami Banza: A Bar Adama Ta Yi Ƙuruciya



Wannan shafi da kuke karantawa, tun farko ba ni aka ware wa shi ba. Labarin wata ƙanwarmu ne ya kamata ku tarar a nan. Amma ranar da muka zauna tace abin da zai shiga wannan ɗan littafi, sai aka ƙi shi. Mu tara ne a zaman, biyar suka ce a'a, mu huɗu muka ce e. Da za a tashi aka ce tunda ni na fi kowa ɗaga murya, to in cike gurbin da abin da na ga dama. Abin da na ga dama shi ne in faɗi dalilin da ya sa nake ganin mun yi kuskure, kuma in faɗe shi a gaban kowa, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga yadda abin ya faru, saboda waɗanda ba su sani ba. Ƙanwar tamu tana ajin da zai zana BEPC bana. A hutun damina ta sayi kaye mai shafi ɗari, ta cika shi da labari, ta sa masa suna "Adama Kafin Kamaye". Duk wanda ya taɓa zama gaban tele yana kallon Daɗin Kowa a Arewa24 ya san Adama matar Kamaye, mace mai baki, wadda ba ta barin ko-ta-kwana, in maganar kuɗi ta taso ba ta san sauƙi ba. Tun muna firamare muke yi mata dariya. Mun same ta babbar mace a gidan miji, ba mu taɓa damuwa da inda ta fito ba. Ita ƙanwarmu sai ta tambayi kanta: wace ce wannan matar tana shekara 15?

A kayen nata, Adama yarinya ce mai kunya. Ba ta faɗi sunan garin ba, amma ba sai an gaya wa ɗan Ɗan Issa ba: ga titi, ga layin manyan motoci suna jiran takardun duwan, ga ƴan mata da farantai a ka suna bin inuwar motocin. Uban ya tafi ci-rani, tun yana aiko saƙo har aka daina jin ɗuriyarsa. Uwar tana tuyar awara, Adama na talla, abin da ya yi saura ana jefawa a asusun kayan ɗaki. Wata rana wani direba ya ci awarar dala arba'in, ya ce ta dawo da safe. Kafin asuba mota ta ɗaga. Ranar ta sha duka a gida. Da wani ya sake gwada mata haka, sai ta riƙe masa riga, ta yi ta kururuwa har mutane suka taru, ya biya yana zage-zage. Da dare uwarta ta sa mata albarka, abin da ba ta taɓa ji daga bakinta ba. Ƙanwarmu ta rufe babin da cewa daga ranar Adama ta gane kunya ba ta biyan bashi. Labarin ya ƙare ranar da aka raba goronta, tana zaune a bayan ɗaki da littafin lissafinta a cinya.

Kayen nan ya zaga ajin ƴan mata har bangonsa ya cire aka liƙe da salatif. Sau ɗaya wani mushe ya ƙwace shi, ya riƙe mako guda, ya mayar yana cewa ta je ta yi karatun jarrabawa. Wannan ban ga laifinsa ba, aikinsa ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mu, masu kiran kanmu marubuta, mu ne muka rufe mata ƙofa.

Wanda ya jagoranci ƙin, yayanmu ne da ya riga mu shiga jami'a, kuma shi ya koya wa da yawanmu inda ake sa waƙafi da aya. Yaya, ka san girmanka da nake gani. Hujja uku ka kawo, ni ma zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ka ce sata ce. Adama ta masu shirin ce, yarinya ta ɗauko abin da ba nata ba.

Yaya, ɓarawo ɓoyewa yake yi. Wanda ya saci akuya ba ya ɗaura mata takarda a wuya da sunan mai ita. Ƙanwarmu a shafin farko ta rubuta da jan bik cewa Adama da Kamaye na shirin Daɗin Kowa ne, ita labarin ƙuruciyar kawai ta ƙirƙira. Ba ta kwafi magana ko ɗaya daga shirin ba, don a shirin babu direba, babu awara, babu uwar nan. Suna da hali ta ara, sauran duka guminta ne.

In kuwa aron suna da hali sata ne, to sai mu fara daga sama. Littafin da aka fara ba mu a matsayin gwanin rubutun zube, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, masana sun daɗe da nuna cewa Alhaji Imam da Malam Zurƙe sun ɗauko sawun mutum biyun nan na Muƙamatul Hariri, masu haɗuwa gari-gari ɗaya yana yaudara ɗaya yana gane shi. Magana Jari Ce, da ya fara fitowa a 1937, cike yake da labaran da asalinsu Dare Dubu da Ɗaya ne, wasu kuma tatsuniyoyin Jamusawa ne na ƴan uwan nan Grimm. Imam ya sa musu rawani, ya zaunar da su a fadar Sarki Abdurrahman, ya ba aku aikin faɗa. Wa ya taɓa tashi a aji ya ce Imam ɓarawo ne? Gwani muke ce masa, don abin da ya yi da aron ya fi aron.

Mu dawo gida. Abdoulaye Mamani ya buga Sarraounia a 1980. Abin da takardun Faransawa suka ajiye game da Sarauniya ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, bai taka kara ya karya ba. Mamani ne ya zauna ya gina mata ƙuruciya, ya nuna yadda aka rene ta da yadda aka koya mata baka da magani. Med Hondo ya mayar da littafin fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Na san za ka ce Sarauniya mutum ce ta tarihi, Adama kuwa ƙirƙira ce mai masu ita. Gaskiya ne, kuma zan zo kan haƙƙi. Amma aikin ƙwaƙwalwa ɗaya ne: ka ga babba a tsaye, ka koma baya ka nemo yaron da ya zama shi.

Kuma kafin Imam da Mamani, kakanninmu mata fa? Wace tsohuwa ce ta nemi izini kafin ta ƙara wa Gizo sabuwar ɓarna, ko ta sa wa Ƙoƙi magana a baki? Kowace ta san halin Gizo, halin ne ba a taɓawa, labari kuwa kowa da nata. Abin da ƙanwarmu ta yi ke nan, sai dai Gizonta a tele ta same shi.

Yanzu haƙƙi. A nan ina tare da kai har rabin hanya. Masu rubuta Daɗin Kowa da masu fitowa a ciki da shi suke ci da iyalinsu. In wani ya buga littafi da sunan Adama ya kai babbar kasuwar Maradi yana sayarwa, ko ya ɗauki fim ya sa a YouTube yana karɓar kuɗi, ya shiga gonar mutane, kuma don irin haka ake da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai. Amma wannan ɗan littafi namu fa? Karo-karo muke yi, dala biyar kowane shafi wajen mai fotokopi, mu raba kyauta, wani lokaci ma sai mun jira kuran ya dawo. Wa muka rage wa ko dala? Waɗanda suka karanta kayen, da dare ka same su gaban tele suna jiran fitowar Adama da sabon ido. Kai kanka ka san mai shiri ba ya ƙin irin wannan ɗan kallo.

Ba mu muka fara ba. A Amurka, shekara ɗaya bayan fara nuna shirin Star Trek, wato a 1967, wasu mata masu kallonsa suka haɗa ƴar mujalla mai suna Spockanalia, suka gurza ta da injin gurza takarda irin wanda ake buga jarrabawa da shi a da, suka cika ta da rubuce-rubucensu a kan mutanen shirin. Takarda ce da ƙusa biyu, kamar wannan da ke hannunka. Daga irinta aka samu wata babbar al'ada ta rubutun masoya shiri, wadda yau ake yi da harsuna barkatai. Su kansu kamfanonin sun gano akwai abinci a cikin tambayar ƙanwarmu: shirin Smallville ya shekara goma, daga 2001 zuwa 2011, yana ba da labarin samartakar Superman kafin ya sa rigarsa. In kamfani ya yi, sai a ce basira. In ƴar talaka ta yi a kaye, sai a ce sata.

Hujjarka ta biyu: kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya saba hawa kan mutanen wani, ka ce, ba zai taɓa iya ƙera nasa ba.

Wannan ta fi ta farko nauyi, kuma na daɗe ina juya ta. Amma duba yadda ake koyon kowace sana'a a garin nan. Yaron tela ba ya fara da yanka shadda, sai ya shekara yana kalmasa da sa maɓalli a rigar da maigidansa ya yanka. Yaron gareji tsohon inji yake kwancewa ya mayar. Mai koyon rubutu abu biyar ke kansa lokaci guda: mutane, wuri, zubi, zance, da dalili. In ya ari ɗaya, ya samu sararin koyon huɗu. Kuma kada ka ɗauka aron sauƙi ne. Wanda ya ƙirƙiri tasa yarinya, duk abin da ya ce ta yi, ta yi, ba mai musu. Wanda ya ɗauki Adama kuwa, yana da alƙalai a kowane gida. Ya san inda labarin zai ƙare, dole kowane babi ya kai can, in ya kauce ƴar aji shida ma za ta ce masa: "Kai, Adama ba za ta yi haka ba." Wane darasin gina hali ne ya fi wannan tsanani?

Akwai kuma abin da ba mu son faɗa. Mu tara da muka zauna, duk mun rubuta labarai "namu na kanmu". A cikinsu nawa ne suka wuce hannun mutum biyar? Nawa na kaina, wanda na yi wata uku ina gyara, ƙanena ma bai kai ƙarshensa ba. Kayen yarinyar nan kuwa layi ake bi. Suna ya jawo masu karatu, na yarda, amma suna ba ya riƙe mutum shafi ɗari. Tsoron da nake ji shi ne a cikin ƙuri'a biyar ɗin nan akwai hassada ko da ƙwaya ɗaya ce. Allah ya sa na yi kuskure.

Hujja ta uku, wadda kuka fi yin shiru a kanta amma ita ta fi yin aiki: wai labarin ya yi tsiraici da yawa. Ba tsiraicin jiki ba, babu ko kalma ɗaya ta batsa a ciki, kun karanta kun gani. Tsiraicin gari. Wai iyaye za su karanta su ga ana zagin talla da aurar da yara, a ce ƙungiyarmu na ɓata tarbiyya, a hana ƙannenmu mata zuwa zama.

To ashe nan gizo ke saƙa. Ba Adama kuke karewa ba, kanmu muke karewa daga madubi. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma jiharmu ta Maradi tana cikin na gaba-gaba. Ba sai mun je Yamai neman lissafi ba. Kowa ya ƙirga ƴan matan da suka shiga aji shida tare da shi, ya ƙirga waɗanda suka kai ajin BEPC. Ina sauran? Wasu suna bakin titi da faranti, wasu suna goyo. Samarin ma haka. Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, har zuwa Disamba na 2020, mun ga abokanmu nawa suka ajiye kaye suka hau babur suna bin hanyoyin daji da buhun shinkafa. Da rami ya rufta a wurin haƙar zinariya na Garin Liman a watan Nuwamba na 2021, mutum aƙalla 18 suka rasu, duniya ta ji sunan Ɗan Issa kwana biyu ta manta. Wa ya rubuta abin da ke kai saurayi cikin ramin nan? Wannan ita ce ƙuruciyarmu, kuma ba ta cikin kowane shiri, don masu shirin a Kano suke, da nasu abin da ya dame su.

Yarinya ƴar shekara 16 ba za ta iya rubuta "ni" ba. In ta ce "uwata ta doke ni a kan dala arba'in", gobe magana ta kai gida. Amma in ta ce Adama, kowa ya yi dariya ya buɗe kayen, sai ya tsinci ƴar uwarsa a ciki. Sunan aro mayafi ne, da shi ta fita ta faɗi abin da ba a faɗa. Mu kuma muka fizge mayafin muka ce ta koma ɗaki.

Kuma ku lura da abin da labarin ya yi wa masu karatunsa. Wata ƴar ajinsu ta ce mini tun da ta karanta, in maƙwabciyarsu mai faɗa ta fara, sai ta riƙa tunanin ko wane direba ne ya gudu da kuɗinta. Mun taso ana ce mana hali zanen dutse. Ƙanwarmu ta ce to, amma wa ya riƙe ƙusar da aka yi zanen? In wannan ɓata tarbiyya ne, ban san mece ce gyara ta ba.

Yanzu bari in juyo kan namu ɓangaren, don kada a ce na ga ƙwayar idon wani na manta tawa. Tun da kayen nan ya yi suna, na ga guda huɗu masu bin sawunsa, kuma uku daga ciki ba zan kare su ba ko a gaban wa. Ɗaya ya ɗauki Sumayya ta Labarina, shirin Aminu Saira da ya fara a 2020, ya mayar da ita ƴar sakandare mai direba da waya uku, samari biyar suna faɗa a kanta, babi goma ba a ga ta ɗebo ruwa ba. Wanda ya rubuta shi bai taɓa wuce Jibiya ba. Wannan ba zunubin aro ba ne, zunubin ƙarya ne, kuma ko da sunan da ya ƙirƙira ya rubuta, ƙarya tana nan. Wani kuma ya yi abin da ya fi muni: ya bar sunan cikin shiri ya kama sunan ƴar wasan ta gaskiya, yana ƙaga mata samari. Ƴan uwa, wannan ƙazafi ne. Hajiya Zahra'u Saleh da ke fitowa a Adama mutum ce mai iyali da mutunci, Adama kuwa riga ce da take sawa a wurin aiki. Ba ku ga Labarina ba? Nafisat Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta ɗauki Sumayya, labari ya ci gaba. Rigar za ka iya ara. Mai rigar ba ruwanka da ita.

Na huɗun shi ya ba ni fata. Wani yaro ya fara rubuta Baba Ɗan Audu yana ɗan shekara 16, yaron mota a tasha, ranar da ya fara gane cewa ƙarya mai daɗi ta fi gaskiya kawo abinci. Shafi shida kawai ya yi, da ya ji abin da muka yi wa ƙanwarmu ya ajiye. Wannan ita ce asarar da ƙuri'armu ta jawo, kuma ba a lissafa ta a zaman ba.

Saboda haka ga abin da nake nema a zama mai zuwa, kuma ina so a rubuta a sa hannu. A buɗe shafi huɗu a kowace fitowa domin irin wannan rubutu. Sharaɗi huɗu: a faɗi sunan shirin da masu shi a sama, kada a sayar, ko da dala, kada a taɓa sunan ɗan wasa ko ƴar wasa na gaskiya, kuma marubuci ya kawo ƙuruciyar da ya sani da idonsa, ba wadda ya gani a waya ba. Sai na ƙara na biyar don in faranta wa Yaya: duk wanda aka buga masa na aro sau biyu, na uku sai ya zo da mutumin da ya ƙera da kansa. Gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, da ake yi wa mata tun 2016, labarinki na kanki take nema, kuma can muke so mu ga ƙannenmu wata rana. Amma ba a fafe gora ranar tafiya.

A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Mun yi murna a fada, mun sha shayi a kai. To harshe ba ya rayuwa da takardar gwamnati. Yana rayuwa ne in yarinyar da aka koya wa rubutu da Faransanci ta zauna da kanta, ba maki ba kyauta, ta cika shafi ɗari da Hausa, tana kokawa da ƙ da ɗ da ba wanda ya koya mata a aji. Irin wannan yarinya ko kuskure ta yi, gyara ake yi mata da hannu biyu.

Ke kuma ƙanwata, na san za ki karanta wannan. Kada ki yaga kayen. Ki gyara babi na uku, ya yi tsawo, kuma uwar Adama tana bukatar ranar da za mu ji tausayinta ita ma, don ita ma wani ya gudu da kuɗinta. Ki ci jarrabawarki tukuna. In an sake ƙin ki a zama mai zuwa, ni da mutum ukun nan mun riga mun yi magana: za mu haɗa kuɗin fotokopi, shafi ɗari sau dala biyar, mu fara da kwafi biyu, ɗaya na ajin ƴan mata, ɗaya kuma mu kai wa Yaya har ɗakinsa ya sake karantawa a natse.